Daga Tsirkiyar Kalangu zuwa Igiyar Gini: Nazarin Girgiza da Hanyoyin Lafar da Ita a Gine-ginen Ja-da-Tokara, tare da Waiwayen Ƙasar Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wani nau'in gini maras nauyi da masana aikin injiniya ke kira tensegiriti, wanda aka raɗa wa suna ginin ja-da-tokara a nan. Gini ne da ake harhaɗawa daga sanduna waɗanda ba sa taɓa juna, da igiyoyi ɗamammu da ke riƙe da su. Manufar maƙalar ita ce fito da dalilin da ya sa irin wannan gini yake saurin girgiza, da kuma hanyoyin da ake bi domin lafar da girgizar. An ɗora bayanin a kan kalangu, domin shi ne abin da ya fi kusa da wannan tsari a cikin kayan al'adun Bahaushe. Nazarin ya nuna cewa ƙarfin ginin ja-da-tokara yana fitowa ne daga ɗamewar igiyoyinsa, kuma duk abin da ya taɓa ɗamewar nan ya taɓa yadda ginin zai girgiza. An kammala da duba abin da hakan ke nufi ga yanayin Daura da makarantun fasahar da aka kafa a cikinta.

Fitilun Kalmomi: ja-da-tokara, girgiza, ɗamewa, kalangu, Daura

1.0 Gabatarwa

Ginin gargajiya na ƙasar Hausa ya dogara ne a kan nauyi. Magini yana ɗora tubali a kan tubali, ya yi bango mai kauri, ya shimfiɗa azara, ya zuba ƙasa a kanta. Soraye da zaurukan fadar Daura na cikin wannan tsari, haka ma Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 da bakan gizonsa. Irin wannan gini abokan gabarsa ruwan sama ne da gara. Iska ba ta cika sa shi rawa ba, domin nauyinsa ya fi ƙarfinta.

Gine-ginen zamani sun ɗauki wata hanya. Ana son rufi mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, ana kuma son rage ƙarfe da siminti saboda tsada. Da zarar gini ya yi sauƙin nauyi, sai girgiza ta zama babbar matsalarsa. Wannan batu ya shafi Daura kai tsaye. A shekarar 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin, a watan Disamba na shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, ya ratsa ta Daura. Rufin tashoshi, gadojin masu tafiya a ƙasa, rumfunan taro da dogayen turakun eriya duk gine-gine ne marasa nauyi. Ɗaliban da za su koyi ƙera su da kula da su galibinsu da Hausa suke tunani, don haka akwai buƙatar a sami bayanin wannan ilimi da kalmomi da misalan da suka sani.

2.0 Ma'ana da Tarihin Ginin Ja-da-Tokara

Kowane sashe na irin wannan gini yana ɗauke da ɗaya daga cikin ƙarfi biyu. Ko dai ana jan sa, kamar igiyar guga, ko kuma ana danne shi, kamar dirkar rumfa. Igiya tana jure ja, amma ba ta iya tokare komai. Sanda tana iya tokarewa, amma idan ta yi tsawo da siranta sai ta lanƙwashe. Ginin ja-da-tokara ya raba aikin biyu sarai. Igiyoyi suna haɗe da juna daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sanduna kuwa kowace tana ware, tana tokare da igiyoyin daga ciki. Mai kallo sai ya ga kamar sandunan na shawagi a sarari.

An fara ganin alamar wannan tsari a ayyukan Karlis Johansons, ɗan ƙasar Latibiya, waɗanda aka nuna a Mosko a shekarar 1921. A shekarar 1948 Kenneth Snelson, wanda ɗalibi ne a lokacin a Amurka, ya ƙera samfurin da ya ja hankalin malaminsa Buckminster Fuller. Fuller ne ya ƙirƙiro sunan tensegiriti ta hanyar haɗa kalmomin Ingilishi biyu masu nufin ja da kuma cikar jiki. Hasumiyar da Snelson ya ƙera a shekarar 1968, mai tsawon kimanin mita 18, tana nan tsaye a birnin Washinton. Daga baya tsarin ya shiga manyan ayyuka. David Geiger ya yi amfani da wani reshensa wajen rufin zauren wasannin motsa jiki na gasar Olamfik ta 1988 a birnin Sol na Koriya ta Kudu. Gadar Kurilpa da aka buɗe a Birisben ta Ostareliya a shekarar 2009, mai tsawon kimanin mita 470, ita ma ta ɗauki wani ɓangare na tsarin.

Mafi sauƙin samfurin wannan gini yana da sanduna 3 da igiyoyi 9, waɗanda suka haɗu a mahaɗai 6. Igiyoyi 3 suna yin kusurwa uku a sama, 3 a ƙasa, sauran 3 suna haɗa sama da ƙasa a karkace. Muddin igiyoyin suna sako-sako, samfurin tarin itace ne da zare. Da zarar an ɗame su sai ya miƙe ya tsaya da kansa. A shekarar 1978 C. R. Calladine na Jami'ar Kambirij ya bayyana dalilin haka, inda ya nuna cewa irin wannan gini yana da wata kafa ta motsi da sassansa ba su toshe ba, kuma ɗamewar igiyoyi ce kaɗai ke toshe ta. A samfurin sanduna 3, kafar ita ce murɗawa, wato saman ya juya kaɗan yana sauka ko yana hawa.

3.0 Kalangu a Matsayin Madubi

Kalangu itace ne da aka sassaƙa aka rarake, mai faɗin baki biyu da siririn ƙugu. Ana rufe kowane baki da fata, sannan a haɗa fatun biyu da tsirkiyoyi masu yawa da ke zagaye da itacen daga baki zuwa baki. An san shi da kiɗan mahauta da na dambe da na bukukuwa, yana kuma da dangi a fada irin su jauje da kotso. Ƙasar Daura ba baƙuwar amonsa ba ce. Alhaji Mamman Shata, wanda kalangu ne kayan kiɗan ƙungiyarsa, a Daura aka binne shi a shekarar 1999, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar.

Idan aka dubi kalangu da idon injiniya za a ga rabon aiki iri ɗaya da na ginin ja-da-tokara. Itacen yana tokarewa, tsirkiyoyi da fatu suna ja. Ƙarfin biyu sun yi daidai da juna a cikin jikin kalangun, ba tare da ya jingina da komai ba. A kwance yake, ko a rataye, ko a kife, ɗamewarsa tana nan. Bambancin shi ne kalangu yana da abin tokara guda ɗaya, ginin ja-da-tokara kuwa yana da sanduna da yawa a warwatse. Saboda haka kalangu makusanci ne ga wannan tsari, kamar yadda baka da tsirkiyarsa suke, ba cikakken misalinsa ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda makaɗi ke sarrafa shi. Yana rataya kalangun a kafaɗa, ya matse tsirkiyoyin a hammata. Idan ya matse, fata ta ƙara ɗamewa, sauti ya hau. Idan ya sassauta, sauti ya sauka. Da haka yake kwaikwayon karin sautin Hausa na sama da na ƙasa da faɗau, har mai sauraro ya gane take ko kirarin da ake kaɗawa. Hawan sauti kuwa ba wani abu ba ne illa ƙaruwar yawan kaɗawar fata a cikin sakan ɗaya. Ke nan makaɗi yana sauya saurin girgizar abu ta hanyar sauya ɗamewarsa, kuma wannan ita ce ƙa'idar da nazarin girgizar ginin ja-da-tokara ya ginu a kanta. Inda suka rabu shi ne makaɗi yana neman girgizar ta fito fili, injiniya yana neman ta mutu da wuri.

4.0 Yadda Ginin ke Girgiza

4.1 Kaɗawar Asali

Duk abin da aka buga aka bar shi yana da adadin kaɗawar da yake yi a sakan, wanda a nan aka kira kaɗawar asali. Tun a shekarar 1636 Marin Mersenne na Faransa ya bayyana ƙa'idar da ke tafiyar da kaɗawar tsirkiya. Abubuwa uku ne ke yanke ta: tsawo, nauyi da ɗamewa. Idan aka ninka tsawo sau 2, kaɗawa ta ragu zuwa rabi. Amma sai an ninka ɗamewa sau 4 kafin kaɗawa ta ninku sau 2.

Misali, a ɗauki igiyar ƙarfe mai tsawon mita 10, kowace mita tana da nauyin kilo 1. Idan aka ɗame ta da jan da ya yi daidai da nauyin tan 1, za ta kaɗa kimanin sau 5 a sakan. Idan aka kai jan zuwa tan 4, kaɗawar ta zama sau 10. Idan kuma igiyar ta saki har jan ya koma rubu'in tan, kaɗawar ta faɗo zuwa sau 2 da rabi. Wannan adadi na ƙarshe ya kusanci takun ɗan'adam, wanda yake kimanin sau 2 a sakan.

Ginin gaba ɗaya ma yana da nasa salon kaɗawa iri-iri. Mafi yawansu taurin ƙarfe ne ke yanke su, kuma ƙara ɗamewa ba ya sauya su sosai. Amma salon da ya bi kafar motsin da Calladine ya bayyana, kamar murɗawar samfurin sanduna 3, ya rataya ne kacokan a kan ɗamewa, yana kuma bin ƙa'idar ninki 4 da aka ambata. Shi ne yawanci mafi jinkirin kaɗawa, shi ne kuma ya fi sauƙin tayarwa.

4.2 Dacewar Bugu

Haɗari yana zuwa ne idan ƙarfin da ke tura gini daga waje yana maimaituwa daidai da kaɗawar asalinsa. Mai tura lilo ya san haka, domin ƙaramin turi a kan kari yana kai yaro sama sosai. Wannan shi ne dacewar bugu. Gadar Mileniyom ta Landan, wadda gada ce ta rataye da igiyoyi, ta nuna irin haɗarin. An buɗe ta ranar 10 ga Yuni, 2000, sai ta riƙa lilo gefe da gefe. Masu tafiya suka riƙa daidaita takunsu da lilon domin kada su faɗi, hakan kuma ya ƙara shi. Bayan kwana 2 aka rufe ta.

Iska ma tana da nata bugun. Idan ta ratsa igiya tana barin ƙananan guguwa a bayanta, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ana samun adadinsu a sakan ta hanyar raba saurin iska da kaurin igiya, a ɗauki kashi 1 cikin 5 na sakamakon. Iska mai gudun mita 5 a sakan, idan ta ratsa igiya mai kaurin santimita 2, za ta buge ta kimanin sau 50 a sakan. Wannan ne kukan da ake ji daga wayoyin lantarki idan iskar hunturu na kaɗawa. Girgizar ƙarama ce a ido, amma maimaituwarta sau miliyoyi tana gajiyar da ƙarfe a bakin mahaɗa har ya tsinke.

4.3 Sakin Igiya da Lanƙwashewar Sanda

Idan girgiza ta yi tsanani, wata igiya tana iya saki na ɗan lokaci. A wannan lokaci ta fita daga aiki, taurin ginin ya sauya nan take. Idan ta dawo ta ɗame da fizga, ƙarfin da ke faɗa wa mahaɗa yana ninka na yau da kullum. Ba a kuma magance wannan da ɗamewa ba iyaka, domin duk jan da aka ƙara wa igiya danna ce aka ƙara wa sanda. Leonhard Euler ya nuna tun a shekarar 1744 cewa idan aka ninka tsawon sanda sau 2, dannar da za ta iya jurewa kafin ta lanƙwashe tana komawa rubu'i. Aikin injiniya shi ne neman matsakaici tsakanin iyakokin biyu, kamar yadda mai haɗa kalangu yake gudun fata ta yi laushi, yake kuma gudun ta fashe.

5.0 Hanyoyin Lafar da Girgiza

5.1 Daidaita Ɗamewa

Hanya ta farko ita ce a kawar da kaɗawar asalin gini daga inda bugun iska ko na taku yake. Ana sanya wa igiyoyi ƙarfen murɗawa domin a ƙara ko a rage jansu. Ana kuma auna jan ba tare da kwance komai ba, ta hanyar buga igiyar a ƙirga kaɗawarta da na'ura, sannan a bi ƙa'idar Mersenne a fitar da adadin jan. Makaɗin da ke ɗan taɓa fata da sanda ya saurara kafin ya fara kiɗa, irin wannan awo yake yi da kunne.

5.2 Na'urorin Shanye Girgiza

Hanya ta biyu ita ce a ƙara wa gini abin da zai shanye ƙarfin motsin ya mai da shi zafi. Ginin ja-da-tokara yana da rauni a nan. A shekarar 2001 Irving Oppenheim da William Williams na Jami'ar Carnegie Mellon sun nuna cewa idan samfurin yana murɗawa kaɗan, tsawon igiyoyinsa kusan ba ya sauyawa. Saboda haka igiyoyin ba sa shanye motsin, girgizar takan daɗe ba ta mutu ba, kuma gogayya a mahaɗai ta fi tasiri wajen kashe ta. Darasin shi ne a sanya na'ura a inda ake samun motsi na gaske.

Na'urorin iri biyu ne. Akwai masu mai a ciki, irin na shokazobar mota. Akwai kuma nauyin da ake ratayawa a daidaita kaɗawarsa da ta ginin, ya riƙa motsi saɓanin motsin ginin. An sanya wa gadar Landan nau'i na farko guda 37 da na biyu guda 52 kafin a sake buɗe ta a watan Fabrairun 2002. Ƙananan ƙarafa masu kai biyu da ake gani a rataye kusa da turakun manyan wayoyin lantarki na cikin nau'i na biyu, kuma George Stockbridge ne ya ƙirƙiro su a Amurka a shekarun 1920.

5.3 Sarrafawa Nan Take

Hanya ta uku ita ce gini ya riƙa gyara kansa. Ana sanya na'urar jin motsi, da kwamfuta mai yanke shawara, da ƙaramin inji mai ƙara tsawon sanda ko jan igiya. Ian Smith da abokan aikinsa a Lozan ta ƙasar Suwizalan sun gina samfuri irin wannan a farkon shekarun 2000. Ginin ja-da-tokara ya dace da wannan hanya domin sassansa a ɗaure suke da juna, taɓa ɗaya yana isa ga saura. A nan kalangu ya fi ko'ina bayyana ma'anar. Kunnen makaɗi shi ne na'urar ji, ƙwaƙwalwarsa ita ce mai yanke shawara, damtsensa shi ne injin. Sai dai hanyar tana buƙatar wutar lantarki maras yankewa da ƙwararrun masu kula, don haka dole ginin ya iya tsayuwa lafiya ko da na'urorin sun mutu.

6.0 Yanayin Daura da Abin da Yake Buƙata

Abubuwa uku a yanayin Daura sun shafi wannan batu. Na farko shi ne iska, wadda take zuwa a fuska biyu. Iskar hunturu tana busawa a jere na tsawon makonni, ita ce mai haifar da ƙaramar girgiza mai gajiyar da ƙarfe. Iskar farkon damina kuwa tana zuwa da ƙarfi a taƙaitaccen lokaci, ita ce mai yaye kwanon rufi, ita ce kuma za ta iya sa igiya ta saki ta dawo da fizga.

Na biyu shi ne zafi. Baƙin ƙarfe mai tsawon mita 10 yana ƙaruwa da milimita 2.4 idan zafi ya hau da digiri 20, alminiyom kuwa yana ƙaruwa da milimita 4.6. Idan sanduna da igiyoyi duk na ƙarfe iri ɗaya ne, suna miƙewa tare, ɗamewa ba ta sauya sosai ba. Idan kuwa sanduna na alminiyom ne, igiyoyi na baƙin ƙarfe, ginin zai ƙara ɗamewa da tsakar rana, ya sassauta da asubar hunturu. Wanda aka daidaita da ranar bazara yana iya wayar gari da igiyoyi sako-sako a watan Janairu. Bahaushe ya ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Na uku shi ne laima da tsufan kaya. Makaɗa sun san fata tana saki da damina, shi ya sa ake shanya ganga a rana ko a kanga ta kusa da wuta. Samfurin da aka yi da gora da igiyar roba ma yana saki sannu a hankali, domin roba tana miƙewa idan ta daɗe a ɗame. Ke nan auna ɗamewa aiki ne na kowace shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin faɗuwar damina da kuma shigowar hunturu.

Ta fuskar koyarwa, ana iya haɗa samfurin sanduna 3 da kara ko gora da zare a cikin aji, a ajiye kalangu kusa da shi. Ɗalibi ya matse kalangu ya ji sauti ya hau, sannan ya ɗame zaren samfurin ya ga murɗawarsa ta ƙara sauri. Kalmomin da ake buƙata, irin su ja, tokara, ɗamewa, saki, kaɗawa da tsirkiya, duk suna nan a bakin makaɗa da maharba da magina. Aikin da ya rage wa masana harshe shi ne tattara su, da daidaita ma'anar kowace tare da injiniyoyi, domin kada kowace makaranta ta ƙirƙiri nata.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana ginin ja-da-tokara a matsayin ginin da ke samun taurinsa daga ɗamewar igiyoyi, saɓanin ginin laka da ke samun nasa daga nauyi. An nuna cewa ɗamewar ce ke yanke salon kaɗawarsa mafi rauni, kuma tana da iyaka ta ƙasa inda igiya ke saki, da ta sama inda sanda ke lanƙwashewa. An kawo hanyoyi uku na lafar da girgiza: daidaita ɗamewa, na'urorin shanyewa, da sarrafawa nan take. A yanayin Daura hanyoyi biyu na farko sun fi sauƙin ɗorewa, muddin ana auna ɗamewa a kan kari kuma an lura da bambancin miƙewar kayan gini. Kalangu ya nuna cewa Bahaushe ya daɗe yana aiki da wannan ƙa'ida, kuma kalmomin makaɗa sun isa zama tushen ƙamus na wannan fanni.